Kunun Yaya Gimbiya

Shekarar da kumandan Nasara ya kwashi maza aikin hanyar Magarya, a shekarar ƙafafun Ɗalha suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Matarsa Altine ta ɗora shi a jaki daga Bande zuwa gidan likita. Likitan Nasara ya danna ƙwaurinsa, ya duba fitsarinsa, ya ce ƙoda ce. Tafinta ya ja mata kunne: madara kawai, ba gishiri, ba kanwa, in dai tana son ransa.

To, Altine ba ta wasa da magana. Awakinta biyu ta riƙa tatsa, ta kasa ta tsare a kan abin da zai shiga bakin mijin. Kullum da safe sai ta danna ƙwaurin da babban yatsa, ta ga ramin da yatsan ya bari ya fara saurin cikowa. Har ta soma samun barci.

Kwatsam sai ga Gimbiya daga Mallawa, yayar Ɗalha, wadda ta raine shi tun rasuwar uwarsu. Tana ganin ƙanenta na kurɓar madara sai ta fashe da kuka. Wai an mai da magidanci ɗan akuya. Wai su a gidansu ba a taɓa jinya babu kunun kanwa ba. Ta kwance kanwa daga bakin zane, ta hura wuta da kanta.

Altine ta durƙusa, ta maimaita abin da likita ya faɗa. Ko kallo ba ta samu ba. Gimbiya ta cika ludayi ta miƙa.

Ɗalha ya dubi matarsa. Wallahi ya sani, ta gani a idonsa. Amma ina shi ina mai da hannun da ya raine shi?

"Yaya ta sha hanya, Altine," ya ce. Ya sha.

Safe da yamma yana sha. Fitsari ya ɗauke, fuska ta haye har idanu suka rufe. Duk ɗan dubiyar da ya shigo, Gimbiya sai ta ce madarar nan ce ta cika masa jiki da ruwa, kowa kuwa ya gyaɗa kai. Ta sakar wa awakin 'ya'yansu suka tsotse tas.

 Altine ta faki ido ta shiga ɗaki, ta danna ƙwaurin, ta ɗauke yatsa, ta jira. Ramin bai ciko ba.