Rogon Kwana Ɗaya

Shekara huɗu da binne Rakiya, wadda maƙoƙo ya shaƙe, mijinta Makau ya dawo daga gona da azahar ya ji numfashinta a bayan zana. Wannan fito-fito ne dai, kamar iska na bi ta hudar kara. Ya daɗe tsaye da fartanya a kafaɗa kafin ya leƙa. Ɗiyarsu Zinatu ce ke daka, ta naɗe wuya da kallabi.

"Kwance shi in gani."

"Baba, ba komi hwa."

Ta kwance. Ƙullutu ne kamar ƙwan zabo, daidai inda na uwarta ya fara.

Matan ƙauyensu Gwashi suka ce marigayiyar ce ta dafa wuyan ɗiyarta, tana neman abokiyar tafiya. Makau ya zage su tas, amma daga ranar bai sake bi ta ƙofar ɗakin Rakiya ba.

A asibitin Bukkuyum, wata ma'aikaciya, Safiya, ta taɓa wuyan.

"Baba, gishirinku mai aidin ne?"

"Shi kaɗai muka ci tun ciwon innarta. Ke ma gishirin za ki ce?"

"To tuwon me?"

"Rogo. Tun da daji ya ɓaci, wa ka zuwa gonar gero?"

"Kwana nawa kuke jiƙa shi?"

Zinatu ta ce da can kwana huɗu yakan yi a rafi. Yanzu kwana ɗaya a baho, sai shanya.

Safiya ta aje biro. "Ɗacin nan da bai fita ba, in ya shiga jini, shi ke tare ƙofar da aidin ke bi ya shiga wuya. Gishirin na zuwa ya tarar a rufe, wuya ya yi ta kumbura yana nema."

Makau ne ya hana Rakiya zuwa rafi don tsoron 'yan bindiga. Shi ya sayo bahon da hannunsa, har yana alfahari.

Da suka koma, ya jiƙa rogo cikin randuna uku, kullum da safe ya jawo ruwan rijiya ya sauya da kansa, maza na wucewa suna dariya. A rana ta uku garin gidan ya ƙare. Zinatu ta zo da ƙwarya.

"Baba, ko kaɗan in ɗiba? Yunwa nika ji."

Ya gutsuri ɗaya ya tauna. Da sauran ɗaci. Ya tofar, ya mayar da murfi, ya ɗora ƙafa a kai.