Ranar da Aka Daka Wayar Nababa

Shekara goma sha ɗaya Lubabatu ta yi a Turai tana aikin da ko Innarta ba ta taɓa yi wa cikakken bayaninsa ba. Wata hukuma ce ta ɗauke ta, masu farautar la'anannun da ke lalata da yara suna sayar da hotunan a intanet. Nata aikin shi ne ta kau da ido daga yaron ta dubi abin da ke bayansa, tabarma ce, katanga ce, kwanon da aka kife ne, har ta gano inda aka ɗauki hoton. Ta ceto yara a ƙasashen da ko gaisuwarsu ba ta iya ba. Sai ga shi rannan an miƙo mata hoton wata yarinya, a bayanta katangar ƙasa mai jar lamba ta fenti. Irin lambar nan ce da aka bi gida-gida ana sawa a ƙauyukansu lokacin gubar dalma, da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa.

Wata biyu ana bincike, lambar ta kai su wani ƙauye gaba da Yargalma, ashe ma ƙauyen su Innarta ne. Yarinyar Asma ce, 'yar shekara tara, ɗiyar Baraka mai tuyar ƙosai. Gidan da aka ɗauki hoton kuwa na maƙwabcinsu ne, Nababa mai cajin waya, wanda ke tura wa masu haƙar zinare finafinai. Abu ɗaya ake nema, wayarsa. A cikinta ne za a ga duk waɗanda ya aika wa hotunan, a bi su a kama, a ƙwace abin da ke hannunsu. In babu ita, kotu ma ba ta da abin da za ta riƙe shi da shi.

Lubabatu ta iso kwana ɗaya kafin 'yan sanda, ta sauka gidan ƙanen Innarta, Kawu Makau, wanda shi ne mai unguwa. To, wa ke shiga garin kawunsa da magana irin wannan ya yi masa gum? Ta ja shi gefe ta faɗa masa kaɗan, don ya sa a tsare yarinyar a gida zuwa gobe. Ta roƙe shi, ta haɗa shi da Allah kada ya taɓa Nababa, kada ya nuna masa ko a fuska. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta. Ita kuma, da duk bokon nan nata, ta yarda!

Da safe ta tafi Bukkuyum ta taro 'yan sandan. Ana kiran azahar suka dawo, suka tarar da Kawu a ƙofar zaure da dattawa huɗu, an harɗe a tabarma ana taunar goro, sai ka rantse wani yaƙi suka ci.

"Ku huta, ɗiyata," in ji Kawu. "Mun ƙare magana. Munka kirawo ɗan banzan, munka zane shi da dorina, ya dafa Alƙur'ani ba ya ƙarawa. Munka aza shi bisa babur, an yi Anka da shi. Garin ga ya haramta gare shi."

"Wayar fa, Kawu?"

Ya yi nuni da haɓa. A gindin dalbejiya ga turmin ƙarfen da ake dakan dutsen zinare, bakinsa ya yi baƙi, yana ta warin roba.

"Munka dake ta lilis, munka zuba mata fetur. Hotunan ga sun ƙone ƙurmus. Asirin yarinya ya rufu."

Lubabatu ta leƙa turmin. Toka ce da 'yan ɓarɓashin gilashi. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ɗaga wa mutumin nan murya ba, yau kam ta ɗaga.

"Asirin wa kuka rufa? Kawu, asirin wa? Na Nababa kuka rufa, da na ƙattan banzan da suka saya a hannunsa! Na ce kada ku taɓa shi ko ban ce ba?"

"Ke, Lubabatu, da kawunki kike magana," in ji wani dattijo.

"Na sani, Baba! Da wani ne ai da ban faɗa masa ba. Kun kore shi ya tafi Anka. Can babu yara ne? Can ba a sayar da waya?"

Kawu ya murtuke. "So kike a kai ɗiyar mutane kotu, duniya duk ta ji? Wa za shi aure ta gobe? Mu nan haka muke gyara ɓarna, tun ba a haife ki ba."

Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, wallahi da zuciya ɗaya suka yi. Sun ɗauka hoto kamar wasiƙa yake, in ka cinna mata wuta magana ta ƙare.

Ana cikin haka sai ga Baraka ta fito, hannunta duk ƙullun wake. Ta durƙusa nesa da tabarmar maza, idanunta sun kumbura don kuka, amma tana ƙoƙarin murmushi.

"Hajiya, Allah shi saka miki, Allah shi jiƙan mahaifa. An ce an ƙone abin. To yanzu babu mai sake ganin ɗiyata, ko?"

Lubabatu ta juya ta dubi kawunta. "Kawu, ba ta amsa."

Kawu ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Dattawan nan kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Baraka na nan durƙushe tana jira.

Lubabatu ta je ta durƙusa gabanta, ta kama hannuwanta. Ta so ta yi mata ƙarya, bakinta ya ƙi.

"Akwai, Yaya," ta ce. "Suna da yawa. Kuma yanzu ba ni da hanyar sanin ko su wane ne."