Kira ta Layin Nijar

Hafizu ya jingine babur ɗinsa a gindin darbejiya, ya ɗaga waya sama yana juya ta kamar mai neman alƙibla. A Kongolam, kan iyakar Najeriya da Nijar, haka ake fama. Ka matsa gaba kaɗan sabis ɗin Nijar ya kama ka, ka ja da baya na Najeriya ya karɓe ka. Shi ya sa kowane ɗan acaɓa a bakin iyakar nan yake da layi biyu a wayarsa.

"Mai babur, Mai'adua!" in ji wata mata mai buhun albasa.

"Yau ba na aiki, Hajiya."

Ina zai iya aiki? Tun da safe Iya, mahaifiyarsa, ta kira shi daga asibiti a Daura tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce jikin Baba ya yi tsanani, kuma ya ce bayan azahar zai kira Hafizu da bakinsa.

"In taho yanzu, Iya?"

"Kul! Ka san halinsa. Ya rantse ba za ka zo inda yake ba sai shi ya kira ka. Ka dai bar layinka na Najeriya a buɗe, shi kaɗai ni da Babanka muke da shi."

Shekarun baya Hafizu ya sayar da shanun huɗar mahaifinsa, Malam Ɗantsoho, a ɓoye, ya sayi babur ɗin nan. Tsohon bai zage shi ba, bai dake shi ba. Ƙofa kawai ya nuna masa, ya ce bai yafe ba. Tun ranar duk abin da Hafizu ya taɓa sai ya ji babu albarka a ciki. Kalma ɗaya yake jira a duniya, kuma yau ce ranarta.

An idar da azahar ke nan waya ta yi ƙara. Da ya duba sai ya ga ta layin Nijar ne, kuma sunan Suhaibu ne, yayansa mai gyaran waya a Daura, wanda ko gaisuwar salla ba ya amsa masa.

"Yaya? Lafiya dai?"

"Lafiya lau, ƙanena. Na gwada ɗaya layin, bai shiga ba."

Ƙanena! Hafizu ya zauna a kan tushen bishiyar.

"Baba fa? Iya ta ce zai kira ni."

"An yi masa allura, barci yake. Sai can la'asar. Na ce bari in yi amfani da damar nan mu wanke zukatanmu, ni da kai."

Wallahi Suhaibu ya iya magana in ya so. Ya tuno masa ranar da suka saci mangwaro a Zango mai gona ya bi su da gora. Ya tambayi matarsa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da sunan jaririyar da bai zo sunanta ba. Hafizu yana dariya yana share hawaye da bakin riga. Da ya ce, "Yaya, kiran Nijar fa cin kati gare shi," sai Suhaibu ya ce, "Haba, don ɗan'uwana? Ci gaba, ina jin ka." Duk sanda hira ta so mutuwa sai ya hura ta da wani tsohon labari.

Daga ƙarshe Hafizu ya jiyo wata ƙara ta cikin wayar, daga can nesa, kamar ta mace.

"To, sai an jima," in ji Suhaibu, ya katse.

Nan take saƙonni suka fara faɗowa ta layin Najeriya, wani na bin wani, duk na sanarwar an neme shi ba a samu ba. Lambar Baba ce. Ya kira, Iya ta ɗauka. Kukanta kaɗai ya isar da saƙon.

Bai san yadda ya kai Daura ba. Ya tarar da Suhaibu a barandar ɗakin marasa lafiya yana naɗe tabarma a natse.

"Ka ce barci yake!"

"Rage murya, nan asibiti ne."

"Ya kira ni, Yaya. Me ya sa ban ji shigowar kiran ba?"

Suhaibu ya ɗaure tabarmar, sannan ya dube shi ido cikin ido.

"Irin wayarka layi biyu gare ta, amma hanyar fitar magana ɗaya ce. In tana magana da eriyar Nijar, ba ta amsa wa ta Najeriya. Duk wanda ya kira, ce masa za a yi a kashe take. Sana'ata ce, na sani."

Hafizu ya matso kusa da shi.

"Da gangan ka yi?"

"Ni na yi noma da fartanya bayan ka sayar da shanu. Ni nake juya shi, ni nake wanke shi, ni nake kwashe abin da ko kai ba za ka iya kallo ba. Bai taɓa ce mini sannu ba. Da ya ga mutuwa, sunan wa ya kira? Naka." Ya saɓa tabarmar a kafaɗa. "Ya yi ta sa Iya tana danna lambarka, ina tsaye a nan ina hango su ta taga. Da ya gaji ya ce, 'Ashe kashe waya ya yi don kada ya ji muryata. To, a bar shi.' Daga nan sai salati."

Hafizu ya cakumi wuyan rigarsa. Daidai lokacin Iya ta fito, mayafi na jan ƙasa, tana laluben bango. Suhaibu ya fizge rigarsa, ya tare ta da sauri, ta jingina da shi gaba ɗaya. A gidansa take zaune, shi ke sayen maganin hawan jininta, kuma yau ba ta da wani bango sai shi.

Ta ɗago jajayen idanu ta kalli ƙaramin ɗanta.

"Hafizu, ban ce ka bar ta a buɗe ba? Da bakinsa ya so ya ce ya yafe maka. Me ya sa ka kashe?"

Ya kalli Suhaibu. Suhaibu bai ko sunkuyar da kai ba, jira kawai yake. Hafizu ya kalli hannun Iya, yadda ya damƙe hannun yayansa. In ya faɗa mata, yau za ta binne miji, ta kuma rasa ɗan da ke riƙe da ita.

"Caji ne ya ƙare, Iya," ya ce.

"Caji," ta maimaita a hankali. "Allah ya isa tsakanina da sakacinka."

Ta juya masa baya, Suhaibu ya riƙe ta suka koma ciki wajen gawar.