Jirgin da Ya Bushe

Saniya ɗaya ta rage wa Salmanu bayan shekarar da aka kore masa garke a dajin yamma da Wagini. Sunanta Wule. Ranar da aka zo, tana gida ana yi mata maganin ƙafa, shi ya sa ta tsira. Kakarta ce mahaifinsa ya ba shi ranar da aka yi masa suna, kuma ban da ita babu sauran jinin wannan garke.

Bayan rugarsu akwai tafki, a tsakiyarsa tudu mai ciyawa. Da rani ana takawa da ƙafa. Da damina ta kankama ruwa kan zagaye shi, ciyawar ta yi tsawo ta lalace ba mai kaiwa gare ta. Wannan ciyawa Salmanu ya so ya riƙa yanko wa Wule, don gonaki sun cinye burtali, daji kuma ba ya shiguwa. Shi ya sa ya je wajen Sada, wani masunci a gefen Zakka, ya sayi ƙaramin kwale-kwalensa na katako, mai cin mutum ɗaya.

Bayan sun gaisa sun tambayi iyali da dabbobi, Sada ya miƙa masa filafili, yana dariya.

"Baffa, wannan fa ba sandar kiwo ba ce. Ba a saɓa ta a wuya."

"Na ji."

"Kuma ka zauna. Na san ku, ko a jirgin sama aka sa ku sai kun tsaya da ƙafa ɗaya."

Kwana uku yana koya masa a ɗan ruwan da ya rage. Da za a ɗora jirgin a amalanke, Sada ya dafa shi ya ce, "Ka bar shi cikin ruwa, ko taɓo ne."

Salmanu ya ce to. Amma a hanya ya yi ta juya maganar. Duk icen da ya sani ruwa ruɓar da shi yake yi: ƙotar fartanya, turken maraƙi, ƙafar rumbu. Ya za a yi ya sayi abu ya jefa a taɓo? Ya sa aka shigar da shi rumfa, ya ɗora a kan duwatsu saboda gara, ya rufe da zana. Matarsa Fanta har ta shafe shi da man shanu kamar yadda take yi wa ƙoren adonta. Wata biyu jirgin yana nan, zafin bazara yana ratsa shi.

Wule na da ciki, kuma tana da halin uwarta: in haihuwa ta zo sai ta sulale ta nemi inda ba kowa. Ran wata Talata da la'asar aka neme ta aka rasa. Kafin a gano inda ta nufa, sama ta ɓalle da ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Da gari ya waye koramu sun cika tafkin, tudun ya koma tsibiri. Daga can suka ji kukanta.

Salmanu ya yi mata kira irin nasu. Ta amsa, amma ba ta sauko ba.

"Ta haihu," in ji Fanta. "Ba za ta bar shi ba."

Shi da maƙwabcinsa Yero suka ɗauko jirgin suka kai baki. Ya shiga, ya zauna yadda aka koya masa. Bai yi tuƙi biyar ba ya ji sanyi a ƙafarsa. Ruwa na ɓulɓulowa ta tsakanin katakai, ta ko'ina, kamar ta rariya. Da ƙyar ya juyo, Yero ya jawo shi da sanda.

Yero ya hau babur ya ɗauko Sada. Masuncin ya tsugunna ya zura yatsa a tsaguwar. Wannan karon bai yi dariya ba.

"A ina ya kwana?"

"A rumfa."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu," in ji Salmanu.

"Katako ya motse, Baffa. Sai ya sha ruwa ya kumbura bakin ya haɗu. Za mu cusa tsumma, mu nutsar da shi da duwatsu. Kwana biyu."

"Kwana biyu tana can?"

"Babban jirgina na sayar tun bara. Ruwan nan kuma mai ja ne, ko ni ba zan shige shi da iyo ba."

Haka aka yi. Kwana biyu Salmanu yana zaune a bakin tafki, ba ya tashi sai sallah. Aka sake ruwa mai sanyi ranar farko, har da ƙanƙara. Fanta ta kawo fura ta mayar. A rana ta biyu kukan Wule ya canza, ya zama dogo, ba hutawa. Salmanu ya san wannan kuka.

Ran Juma'a da hantsi suka ciro jirgin suka kwashe ruwan. Ya yi nauyi, ya yi baƙi, bakin katakan ya haɗe. Ya shiga da bismillah. Jirgin ya yi ta karkata hagu, yana gyarawa, Sada na ƙwala masa daga baki: "Dama! A hankali, Baffa!" Har muryar ta daina isowa, sai ƙarar filafili.

Ya tarar da Wule tsaye ƙarƙashin wata ƙirya, ta rame, tana lasar maraƙin. Mace ce, fara mai baƙin kunne, kamar kakar. Ta riga ta yi sanyi, ba rai.

Ya daɗe a tsugunne. Sannan ya sa wa Wule igiya ya ja ta zuwa ruwa. Ta kafe. Ya yi mata kira, ya shafa wuyanta, ya kira sunan uwarta. Ta fizge ta koma ƙarƙashin ƙiryar.

Sai ya cire igiyar. Ya ɗauki gawar maraƙar a ƙirjinsa, ya kwantar da ita a cikin jirgi tsakanin ƙafafunsa, kanta a gefe yadda uwar za ta gani. Jirgin ya nitse, saura yatsa huɗu ruwa ya shiga. Ya tura, bai waiwaya ba.

Ya yi tuƙi goma kafin ya ji ruwa ya tsage a bayansa, sannan hucin hancinta, kusa, yana bin sa. Ya rage hannu don kada ya yi mata nisa.

A bakin tafki suna tsaye suna kallo har ƙafafunta suka taɓa ƙasa. Fanta ta sa mayafi ta share fuska. Yero ya karɓi maraƙar ya ajiye a kan ciyawa, Wule ta bi ta tsaya a kanta, jikinta na rawa.

"Allah Ya mayar da alheri, Baffa," in ji Sada.

"Amin."

Yero ya kama bakin jirgin zai ja shi tudu. Salmanu ya riƙe hannunsa. Ya zare turke daga cikin kayansa, ya shiga ruwa har gwiwa, ya kafa shi cikin taɓo, ya ɗaure jirgin a nan.