Kujerun Motar Radiyya

Malam Haladu ya shekara hamsin da ɗoriya yana dukanci a Haɗeja kafin idanunsa su gaza. Takalma, zabira, kuben wuƙa, gafakar Alƙur'ani, babu wanda bai ɗinka ba. Da yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dushewa, sai ya naɗe kayan aikinsa a cikin wani tsohon buzu ya tura ƙarƙashin gado. Tun daga lokacin aikinsa zaman zaure da sauraron rediyo.

'Yarsa, Radiyya, ita ce ke da injin casar shinkafa a hanyar Kano. Ta fara da inji ɗaya na haya, yanzu mutum goma sha bakwai ke aiki a ƙarƙashinta. A kakar bana ta je Kano ta sayo babbar mota baƙa, irin wadda in an rufe ƙofarta ba a jin ko kukan babur. Kwana biyu ta yi tana zagaya masu sayar da motoci, duk wadda aka nuna mata sai ta leƙa ciki ta tambayi abu ɗaya: kujerun na fata ne? Ta tashi cikin ƙanshin fata, shi ne ƙanshin rigar babanta in ya ɗauke ta tana ƙarama, kuma ta ƙudurta ranar da za ta ɗauke shi a motarta, a kan fata zai zauna.

Ranar Asabar da hantsi ta tsaya a ƙofar gida. Mahaifiyarta, Binta, ta fito har waje ta zagaya motar tana sa albarka.

"Baba, yau ni zan kai ka Guri wajen Gwaggo Khadija," in ji Radiyya. "Ka daɗe kana cewa kana son ganin ta."

Ta riƙe masa ƙofa ya shiga gaba. Ya zauna, ya yi bismillah, ya ɗora tafin hannunsa a kan kujerar. Ya shafa sau ɗaya, ya danna da babban yatsa, sannan ya janye hannun ya ɗora a gwiwa.

"Allah ya tsare, ya sa ki kashe ta da kanki," ya ce.

Suka kama hanya. Ruwa ya fara janyewa daga fadama, amma har yanzu yana kwance a wurare, yana ƙyalli tsakanin ciyawar kacala. Masu yankan shinkafa sun duƙufa, balbelu na bin bayansu. Malam Haladu ba ya ganin komai sosai, don haka Radiyya ke gaya masa inda suke, shi kuma yana gaya mata wanda ya taɓa yi wa takalmi a kowane ƙauye. Ya yaba sanyin motar. Ya yaba yadda take haɗiye rami ba ta jijjiga mutum. Ya ce ko rediyonta ya fi nasa fitar da murya. Radiyya tana ta jira, amma har suka shiga Guri bai ce komai a kan kujeru ba.

Gwaggo Khadija, ƙanwarsa, mijinta masunci ne. Ta rasa inda za ta sa su don murna. Aka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, aka yi hirar waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa. Da za su tafi bayan azahar, ta ciko roba da ɗanyen kifin tarwaɗa, ta ƙi a sa a but ɗin motar, wai zafi zai ɓata shi. Da hannunta ta ɗora a kujerar baya.

Ba su yi nisa da garin ba Radiyya ta sauka gefen hanya ta tsaya a inuwar wata tsamiya. Ta kashe rediyo.

"Baba, ka yabi komai na motar nan, har da rediyo. Kujerar ce ba ka ce komai ba."

"Kujera tana da daɗin zama."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya murza gemu. "Wanda ya sayar miki, me ya ce miki?"

"Da Turanci ya yi maganar. Ya ce leda ce ta asali."

Malam Haladu ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙi riƙuwa. "To ai bai yi miki ƙarya ba, 'yar nan. Leda ce."

Radiyya ba ta yi dariya ba. Ta kifa hannu a sitiyari tana kallon gaba. Sai ya laluba ya kamo hannunta.

"Kawo yatsanki. Danna nan. Kin ga ya lotsa ya dawo sumul? Fata in kin danna ta sai ta tattare kewaye da yatsa, kamar bayan hannuna. Yanzu shafa a hankali. Ƙwayoyin nan da kike ji, duk girmansu ɗaya, daga nan har can. Dabba ba ta haka. Akuya ta bi ta cikin ƙaya, kaska ta cije ta, wuyanta daban, cikinta daban. Duk yana nan a jikin fata har ranar da za ta ƙare. Wannan ba ta taɓa shiga daji ba."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun da kika buɗe ƙofa. Hancina bai yi yana ba."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na ji yadda muryarki take da kika ce in shiga."

Ta goge ido da gefen mayafi. Ta gaya masa kwana biyun da ta yi tana yawo a Kano, da dalilin yawon. Ta ce 'yar baduku guda, a ce an sayar mata da roba a matsayin fata, abin kunya ne.

"Kunyar tawa ce," ya ce. "Yayyenki maza na zaunar na koya wa, ba wanda ya riƙe. Ke da kike zuwa kina tsugunawa kusa da ni, sai in ce tashi ki tafi wajen uwarki."

Ta tayar da mota. Wajen hawa kwalta ƙafar baya ta faɗa wani rami, robar Gwaggo ta kife. Tarwaɗa biyu suka zube a kujera, ruwan kifi ya malale har ƙasa. Radiyya ta fito da sauri, ta mayar da kifin, ta ɗauki tsumma da ruwan gora. Shafa uku, kujera ta koma yadda take. Malam Haladu ya juyo ya miƙa hannu baya ya taɓa wurin, ya kai yatsun hancinsa.

"Da fata ce, da kin sha ƙarnin nan har damina," ya ce. "Kowa da inda ya fi ƙarfi."

Duk da haka ran Radiyya bai kwanta ba. Da suka isa gida ta ce gobe za ta kira masu kujera su yaye ledar gaba ɗaya, a sayo fata, Baba ya tsaya a kan aikin. Ya ce sam. Ya ce ya bi ɗinkin kujerar da farce tun daga Haɗeja har Guri bai sami inda zare ya kauce ba, kuma ba ya cikin ɗabi'arsa ya farke aikin da wani ya yi da kyau, ko da a kan roba ya yi shi.

"In dai fata kike so, a sa ta inda hannunki yake wuni," ya ce. "Binta, jawo mini buzun nan."

A cikin buzun akwai fatar akuya guda da ya rage, jemammiya da bagaruwa, rinanniya da karan dafi, ja wur. Ya ce tun shekarar da ya daina aiki yake ajiye da ita, ya rasa abin da ya cancance ta. Washegari da safe aka buɗe ƙofar motar a inuwar darbejiyar ƙofar gida, ya zauna a mazaunin direba, wurin da bai taɓa zama ba a rayuwarsa. Ya auna sitiyarin da igiya, ya yanka fatar da lalube, wuƙar na bin yatsansa. Zura zare a basilla ne ya gagare shi. Ya gwada sau huɗu, sannan ya miƙa wa Radiyya.

Kwana uku suka yi. Ta bar injin a hannun manajanta, wayarta na ta ƙara a jaka. Ita ke zura zare, ita ke gaya masa in baki ya haɗu. A rana ta biyu yatsunsa suka gaji, ya ce ta karɓa. Ya riƙe hannunta ya nuna mata yadda ake huda daga ciki, da yadda ake jan zare har fata ta kama ba tare da ta yage ba. Ɗinkinta ya fito a karkace, wani tsayi wani gajere. Ta ce bari ta farke. Ya bi wurin da yatsa, ya ce na farkonsa ya fi wannan muni, kuma babansa bai bar shi ya farke ba.

Binta tana kawo musu kunun tsamiya tana tsiya, wai tsoho ya ga mota ya manta da ciwon baya. Maƙwabta suka riƙa tsayawa kallo. Wani mai shago ya ce shi ma zai kawo tasa, Malam Haladu ya ce ya yi ritaya, wannan aikin gida ne.

Ranar Laraba Radiyya ta koma bakin aiki. Da la'asar ta kira wayar mahaifiyarta ta ce a ba Baba.

"Baba, tafin hannuna ya yi ja. Duk wanda ya shigo ofis sai ya tambaye ni bikin wa ake yi na sa lalle."

Ya yi dariya har da tari. "Karan dafi ne, na manta ban gaya miki ba. Ki sami man shanu kaɗan a tsumma ki goge sitiyarin, ki bar shi ya sha. Kwana bakwai zai daina."

"Hannun fa?"

"Shi ma kwana bakwai. Ranar Asabar ki zo in duba ɗinkin, kada ya saki ta wajen naki."

Ta ce za ta zo. Ya miƙa wa Binta wayar, ya ce ta bar buzun a zaure, kada ta mayar da shi ƙarƙashin gado tukuna.