Tsohuwar Mita Mai Lamba Tara

Tun da aka rage ma'aikata, Injiniya ce kaɗai a ɗakin injinan ruwa, daga ita sai ƙarar fanka. Na'urori tara ne a kan kebul ɗaya, kowace da lambarta. Ta saita manhaja ta riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya, kamar malami yana kiran suna a aji.

Takwas suka amsa. Ta tara kuwa, tsohuwar mitar da ke can ƙurya, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

"Ke kuma wa ya taɓa ki?" in ji ta, don ta saba hira da ƙarfe. Ta duba kebul, ta ja tsaki ya fi a ƙirga. Har za ta rubuta cewa mitar ta mutu, sai idonta ya faɗa kan lokacin jiran amsa da ta saita a manhajar. Ƙiftawar ido ta ba kowace na'ura, in ba ta amsa ba manhajar ta wuce. Ta mayar da shi daƙiƙa biyu.

Sai ga lamba tara a allo. Ashe tun safe take amsawa, ba a dai tsaya an ji ba.

Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ciro waya ta kira Baba, wanda kullum take katse kiransa a ƙara ta uku tana ƙorafin ba ya ɗauka. Yau ta jira.

A ƙara ta goma ya ɗauka yana haki.

"Uwata, ke ce? Yau dai na iso."