Jan Ƙarfen da Kawu Bai Sani Ba

Shekara arba'in Kawu Mai Walda ya yi yana haɗa ƙarfe a wannan layin, kuma a ganinsa babu ƙarfen da zai wuce ta gabansa bai kira shi da sunansa ba. Ko kwano ne ya faɗi a gidan maƙwabta, daga ƙarar yakan faɗi irin ƙarfensa.

Ran nan da hantsi 'yar ƙanwarsa ta zo shagon, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, kowa na ce mata Dakta. Ƙafa take so ya haɗa wa wani ƙaramin murhun aikinta. Tana laluben takardar awo a jaka sai wata 'yar kwalba ta fito, da wasu ɓarɓashi a ciki, ja-ja, sirara kamar ɓawon albasa, suna sheƙi.

"Jan ƙarfe," in ji Kawu, ko kallo na biyu bai yi ba.

"Ba shi ba ne, Kawu. Alminiyam ne da wani sinadari da ake kira boron. Kowace ƙwayar alminiyam ɗaya, boron biyu. Wata huɗu na yi kafin su fito haka. Guda goma sha huɗu ne."

"Alminiyam fari ne, 'yar nan. Da shi ake tukunya. Ke wata huɗu kika ɓata kina yin abin da nake sharewa kullum?"

Ya ƙwala wa Mai Rediyo kira daga shagon kusa, ya ce ya zo da mitarsa ta gwada wuta ya zama shaida. Dakta ta yarda ta ba da guda ɗaya tak. Mai Rediyo ya ɗora tsinkayen mitar guda biyu a kan ɓarɓashin, allura ta yi tsalle.

"Kin gani! Wuta na bi. Jan ƙarfe!" in ji Kawu.

"Wuta na binsa, ƙwarai," in ji ta. "Boron ɗin a shimfiɗe yake falle-falle kamar saƙar zuma, alminiyam na tsakani. Amma jan ƙarfe ya kusa ninka shi uku a nauyi."

Kawu bai saurara ba. Ya kunna wutar gas, ya ce yanzu zai narke ya dunƙule ja jawur, kowa ya huta. Ya sa masa wuta. Abu ya ƙi dunƙulewa. Ya yi baƙi, ya yamutse, ya bar ɗan toka-toka a kan bulo. Kawu ya ɗaga gilashin fuskarsa ya leƙa, ya sake saukewa, kamar laifin na gilashin ne.

"In zafi ya haura digiri ɗari tara, wargajewa yake yi," in ji Dakta. "Saura goma sha uku."

"Gas ɗin yanzu ba shi da kyau," in ji Kawu. Ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo galan ɗin asid da yake wanke tsatsa da shi.

Dakta ba ta san lokacin da ta riƙe hannunsa ba. "Kawu, don Allah! In asid ya taɓa shi, iska mai guba yake fitarwa!"

Kafin ta rufe baki Mai Rediyo ya kai tsakiyar titi, da mitarsa a hammata. Daga can yake tambaya ko an gama.

Kawu ya ajiye galan, ransa a ɓace. Ya ce a zazzage masa sauran a kan takarda ya gani da idonsa, ba zai taɓa ba. Ta zazzage. Ya sunkuya, ya matso da hanci, ƙurar shago ta yi aikinta. Atishawa ɗaya ya yi, irin wadda ke tayar da kajin layi.

Takarda ta zama fara fat.

Dakta ta dubi ƙasa, sai ta zauna a kan tsohuwar taya ta dafe kai. Jiya-jiya Kawu ya goge bututun firiji, ƙasan shagon duk garin jan ƙarfe ne, ja ko'ina.

"Ai ka ce duk ɗaya ne," ta ce a hankali. "To, shi ke nan."

Kunya ta kama Kawu har wuya. Ya rufe ƙofar shago rabi don iska, ya hana kowa motsi, ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ƙara. Ya ari madubin gyaran Mai Rediyo da ɗan hantsaki. Can sai aka ji shi yana magana shi kaɗai.

"Wannan nawa ne, a nannaɗe yake. Wannan ma nawa. Kai, wannan naki ne. Dubi gefensa, a miƙe, kusurwa shida. Kuma ba shi da nauyi, numfashi ma ɗaga shi yake."

"Ashe ba jan ƙarfe ba ne?" in ji Mai Rediyo daga bakin ƙofa.

"Wane makaho ne zai ce wannan jan ƙarfe ne?" in ji Kawu, bai ɗago ba.

Har azahar suna rarrafe. Masu kawo aiki suka yi ta leƙowa suna komawa, wani ya tambaya ko zinari ya ɓace. An samu goma sha ɗaya. Dakta ta rufe kwalbarta gam, ta ce sun isa aikin, ta sa ta can ƙasan jaka.

Na goma sha biyu matar Kawu ce ta gano shi, da ya koma gida cin abinci, manne a gemunsa yana sheƙi. Ya hana ta taɓawa. Haka ya hau babur, kansa a sanƙare kamar mai ciwon wuya, ya kai gemun har jami'a, Dakta ta cire abinta da hantsaki. Ƙafar murhun kuwa sai washegari ya haɗa, ya yi mata fenti har sau biyu.